Kantunan Ankara da Ƙauracewar 1948

A zamanin mulkin Ingilishi, Ankara ba ta da tasha mai zurfi. Jiragen ruwa kan tsaya can nesa da gaɓa, masu kwale-kwale su yi jigilar kaya ta cikin igiyar teku: atamfa, akoko, sukari, sabulu da kananzir. Kayan su wuce manyan kantuna, irin na UAC da aka kafa a 1929, da CFAO na Faransawa.

Amma kanti ba ya raya gari shi kaɗai. Matan kasuwar Makola ke sayar da hajar kaɗan-kaɗan. A zango kuwa akwai mahauta, maɗinka, wanzamai, da dillalan goro masu aika shi Ikko ta jirgi.

Sai dai farashi na hannun kamfanonin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kaya suka yi tsada ƙwarai. A Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa hajar Turawa, har kamfanonin suka amince da ragi. Ranar 28 ga Fabrairu aka harbe tsofaffin sojoji uku, jama'a suka wawashe kantunan. Shekara tara bayan haka Gana ta sami mulkin kai.