Ƙarar "Shuuu" a Rediyon Mota: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Direbobinmu masu a-kori-kura da Hilux, musamman masu jigilar kayan gwari tsakanin Mile 12, Sabon Ibadan da Onitsha, sun sha tambayata kan ƙarar da ke ɓata musu sauraro a hanya. Da yawa sukan yi saurin sayen sabuwar rediyo, a ɗaura, ƙara tana nan daram. Shi ya sa na ga ya dace in tattara bayanin wuri guda.

Daga ina abin ya faro?

A Amurka da Kanada akwai rediyon tauraron ɗan Adam na kamfanin SiriusXM, wanda direba ke ɗaukar ƙaramar na'urarsa daga gida zuwa mota. Mu ma nan Afirka an taɓa yin irinsa mai suna WorldSpace, kafin kamfanin ya durƙushe a 2008. Saƙon da ke saukowa daga tauraro na dijital ne: ko dai ya zo tas, ko ya yanke ɗif. Ba ya yin "shuuu". Ƙarar tana shiga ne a ɗan tsakanin nan, daga na'urar zuwa rediyon motar.

Haka lamarin yake ga wanda ke sauraron BBC Hausa ko RFI ta intanet a waya, ya tura sautin ta ƴar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari. Ita ma ƙaramar tashar FM ce mai rauni, ta kama mita guda tana watsawa a cikin motarka. To duk abin da zan faɗa ya shafi biyun.

Fara da sauraron irin ƙarar

Faka motar, kashe inji, ka bar makulli a inda rediyo ke ci.

In ƙarar tana nan, kuma kana jin muryar wata tasha can ƙasa-ƙasa, matsalar mita ce.

In ta ɓace, sai ka tada inji ta dawo kamar fito, tana hawa da sauka duk sanda ka taka totur, to daga altaneta ne ko haɗin waya.

In ƙas-ƙas ce mai sauri da ke bin bugun inji, duba fulogi da wayoyinsu. Wannan na masu fetur ne kawai, injin dizal ba shi da irin wannan fulogin.

In shiru ne yake zuwa ya wuce, ba ƙara ba, sabis ne ya yanke. Motarka lafiya lau take.

Matsalar mita

Ita ce ta fi yawa a garuruwan Kudu. Zangon FM daga 87.5 zuwa 108 yake, kuma a Legas ya cika maƙil: Wazobia na 95.1, Traffic Radio na 96.1, Cool FM na 96.9, kusa da kusa. Ƴar na'urarka ba za ta iya ja da su ba.

Ga yadda nake yi: cire na'urar tukuna, ka murɗa rediyo da hannu har ka samu gurbin da babu kowa, kuma babu tasha mai ƙarfi dab da shi ta sama ko ta ƙasa. Sai ka mayar da na'urar, ka saita ta daidai kan wannan lambar. Ka tanadi gurbi biyu ko uku a maɓallan ajiya, don wanda ya yi maka a Agege ba lallai ya yi a Benin ko Fatakwal ba. A cunkoso ma kana iya jin waƙar motar da ke gefenka, in kun haɗu a mita ɗaya.

In eriyarka mai zuƙewa ce, rage tsayinta. Tashoshin waje za su yi rauni, na'urarka ta samu fili. Sautin waya kuma kada ka kai shi ƙarshe, bar shi wajen kashi uku cikin huɗu, ka ƙara daga rediyon.

Matsalar wuta

Cire cajar waya ka saurara. Caja mai araha na cikin manyan masu laifi, haka wasu fitilun LED da ake ƙara wa mota. Kashe su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai tona kansa.

Mai amfani da wayar aux yana caji a lokaci guda, shi ya fi fama da fiton nan. Maganinsa ƴar na'urar tace ƙara da ake sawa a tsakiyar wayar, masu sayar da kayan sautin mota sun san ta.

Sai tsatsa. Ruwan saman Kudu da iskar teku ba sa raga wa ƙarfe. Duba kan batir, gindin eriya, da baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. A kankare, a ɗaure tam.

In fiton ya ƙi tafiya, kada ka raina shi. Sa mai gyaran waya ya auna: inji na aiki, batir mai 12 ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Altanetar da ta fara lalacewa takan yi wannan kukan kafin ta daina caji. Gara ka sani a gareji da ka sani da tsakar dare a hanyar Ore, ga tumatir cike da baya.

Abin da ba a yi

Kada a cire kan batir inji na aiki wai don gwaji, yana iya ƙona kayan lantarkin motar. Kada a maye gurbin fis da guntun waya, nan gobara ke farawa. Kuma kada ka riƙa neman mita kana tuƙi, bar wa yaron mota ko ka tsaya.

Shawarata ta ƙarshe, in rediyonka na da aux ko Bluetooth a jikinta, yi amfani da su, ka huta da neman mita gaba ɗaya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.