Kafanchan da Kawunan Jirgin da Suka Hau Dutsen Jos

Kafin 1927, kuzar da ake haƙowa a Jos da Bukuru ta Zariya take fita. Akwai wani siririn layin dogo da Turawa suka kira ƙaramin layin Bauchi, wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Rahama, ya isa Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Wannan bambanci na ƙafa ɗaya ya jawo wahala mai yawa, domin taragon wancan layi ba ya hawa wannan. Duk buhun da ya iso Zariya sai leburori sun sauke shi sun sake lodawa. Kawunan ƙaramin layin kuma ƙanana ne, tukunyarsu ba ta tara tururi mai yawa, saboda haka tafiyarsu ta hawainiya ce, kayan da suke ja kaɗan.

Mafita ta zo daga kudu. An gano kwal a Inugu a 1909, layin Fatakwal ya iso can a 1916, sannan ya ci gaba ta Makurɗi da Kafanchan har ya haɗe da Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya nufi Jos, mai faɗi ɗaya da babban layi. Daga nan kuza ta riƙa gangarowa kai tsaye zuwa bakin teku, kwal na haurawa. Wurin da yake ƙauyen mutanen Fantswam, wato Kafanchan, ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, ma'aikatan reluwe daga kudu da arewa suka cika shi, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933.

Sai dai hanyar Jos ba ta wasa ba ce. Nisanta kusan kilomita 100, kuma daga gindin duwatsun Kagoro jirgi yake fara hawa, yana shan kwana bayan kwana, har ya ɗaga sama da mita 400. Ƙafafun kan jirgi ƙarfe ne, dogo ma ƙarfe, don haka idan damina ta jiƙa layi sai ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Direba kan saki yashi a kan dogo don su kama, fayaman kuwa yana zuba kwal da shebur ba hutu, idonsa na kan ma'aunin tururi.

Matsalar da maƙera suka fuskanta a duk layukan Najeriya ita ce: ana son kai mai ƙarfi, amma siririn dogo da ƙananan gadoji ba sa ɗaukar nauyi mai yawa a kan ƙafa ɗaya. Wata amsa ita ce ƙirar Garratt, wadda kamfanin Beyer Peacock na Manchesta a Ingila ya yi fice da ita. An rataye tukunya a tsakiya kamar gora a kan sanda tsakanin mutum biyu, inji ɗaya a gaba ɗauke da tankin ruwa, ɗaya a baya ɗauke da kwal. Nauyi ya rarrabu a kan ƙafafu masu yawa, kan jirgin yana lanƙwasa a kwana, kuma tun da babu ƙafafu a ƙarƙashin tukunya, an samu sararin faɗaɗa murhu. Reluwen Najeriya ya fara karɓar irinsu a 1930. Aibinsu shi ne, yayin da ruwa da kwal suke raguwa, nauyin da ke danne ƙafafun yana raguwa, sai santsi ya ƙaru.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1948, aka shigo da kawunan da aka raɗa wa sunayen koguna. Tsarinsu 2-8-2 ne: ƙananan ƙafafu biyu a gaba masu jagora a kwana, manya takwas masu ja, sai biyu a baya da ke tallafe murhu. Ƙirar ta yi kyau har reluwen Gabashin Afirka ya ɗauke ta ya yi nasa a kanta.

Ƙaramin layin Bauchi bai iya gasa da hanyar Kafanchan ba, aka rufe shi a 1957. Kafin nan, a 1955, kawuna masu shan dizal sun fara shigowa, waɗanda ba sa tsayawa shan ruwa a hanya, ba sa bukatar a kwana ana hura musu wuta. Sannu a hankali hayaƙin kwal ya ɗauke daga sararin Kafanchan, aikin fayaman ya mutu tare da shi. Garin da tururi ya tara wa jama'a dai yana nan, kuma har yau idan aka ambaci sunansa, tashar jirgi ce take fara zuwa ran dattawa.