Yadda Ciwon Sarƙe-Haƙora Ya Tona Asirin Jijiya

Duk manomin da ya manyanta a ƙasar Roni ko Kazaure ya san ciwon sarƙe-haƙora. Mutum ya taka ƙusa a gonar da aka zuba wa taki, ko a yanke wa jariri cibiya da aska marar tsabta, bayan 'yan kwanaki sai baki ya ƙi buɗuwa, baya ya sandare. Da can akan ɗora laifin a kan iskoki.

A shekarar 1884 wani Bajamushe, Arthur Nicolaier, ya gano cewa ƙwayar cutar cikin ƙasa take zaune. A 1889 wani likita mutumin Japan, Kitasato, ya ware ta ita kaɗai a birnin Balin. Aka tabbata dafi take zubarwa. Amma yadda dafin ke ɗaure mutum, sai da aka shekara ɗari ana nema, domin ba a riga an san yadda jijiya ke magana da 'yar'uwarta ba. Jijiyoyin saƙo muke nufi, ba na jini ba.

To, jijiya ba ta manne da ta gabanta. Akwai ɗan rata tsakani, wanda gashin kai ya fi shi kauri sau dubbai. A 1921 Otto Loewi, a ƙasar Ostiriya, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu. Ya taɓa jijiyar ta fari har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu. Ita ma sai ta lafa. Ashe saƙon sinadari ne, shi ke ƙetare ratar. Daga baya Bernard Katz, a Landan, ya nuna ba ya kwarara kamar ruwan rafi, ƙunshi ƙunshi yake fita, kamar ƙullin gishiri a kasuwa. Aka ba shi kyautar Nobel a 1970.

Saura a san abin da ke kwance ƙullin. A nan ne tsohon ciwon nan ya yi rana. A 1992 Cesare Montecucco da abokan aikinsa, a Padua ta ƙasar Italiya, suka ga dafin sarƙe-haƙora almakashi ne, kuma abu guda yake yanka: wani furotin mai suna sinaptobirebin. Shi ne igiyar da ke jawo ƙunshin ya haɗe da bangon jijiya ya zubar da saƙonsa. Dafin yakan bi jijiya daga wurin rauni ya hau har laka, ya shiga jijiyoyin da aikinsu shi ne su ce wa tsoka ta saki. Da ya tsinke igiyar, ba sauran mai cewa a saki, sai jiki ya ɗaure tamau. Abin mamaki, makashi ya zama ɗan jagora.

A 2013 aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel saboda bayyana yadda ƙunshin nan ke tafiya da buɗewa. Allurar rigakafi kuwa ta riga wannan sani da nisa, gama tun 1924 aka haɗa ta a Faransa. Ita ce ake yi wa mata masu ciki a asibiti, domin jariri ya fito da garkuwar uwarsa.