Lulluɓin Sura da Motsa Shi a Manhajojin Zanen Kwamfuta: Nazari a kan Asalin Aibin da Ke Bayyana Lokacin Motsi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake lulluɓa hoto a jikin surar da aka ƙera da kwamfuta, da hanyoyi uku na motsa shi, sa'an nan ta kafa hujja cewa sanannun aibobin da ke bayyana yayin motsi, watau miƙewar zane da ƙyalƙyali da zamewa, tushensu yana ga ƙa'idar da aka ɗaura hoton da ita a jikin surar da yadda ake ɗiban ɗigonsa.

1. Muƙaddima

Kowace sura da mai kallo ya gani tana kai da kawowa a fim ɗin kwamfuta, ta mutum ce ko ta dabba, a haƙiƙaninta raga ce ta ƙananan alwatika da murabba'ai da aka harhaɗa, wadda ba ta da launi balle kaushi ko santsi, kuma abin da ke mayar da ita itace ko fata ko ƙarfe mai tsatsa a idon mai kallo shi ne hoton da ake rufa mata, wanda za mu kira lulluɓi. Mas'alar da ke gabanmu ita ce, me ya sa lulluɓin da ya yi kyau sura tana tsaye yakan tona asirin mai shi da zarar ta motsa?

2. Abin da magabata suka kafa

Edwin Catmull ne ya aza harsashin wannan fanni cikin kundin digirinsa na uku a Jami'ar Yuta ta Amurka a 1974, inda ya nuna yadda za a ɗora hoto shimfiɗaɗɗe a kan jiki mai lanƙwasa. A 1978 James Blinn ya zo da lulluɓin kaushi, wanda ke karkata lissafin faɗuwar haske har ido ya ga gurbi da tudu alhali jikin yana nan sumul. Lance Williams ya wallafa dabarar dalar hotuna a 1983, Ken Perlin kuma ya wallafa hargitsin da ake kira da sunansa a 1985, wanda ya jawo masa lambar yabo ta fasaha daga hukumar Oska a 1997. A kan waɗannan ginshiƙai manhajojin yau irin su Maya da Blender suke tsaye.

3. Ƙa'idar ɗauri

Da yake haruffan X da Y da Z sun riga sun tafi ga auna sarari, sai aka ba hoton nasa ma'aunai biyu, U da V, kowanne daga 0 zuwa 1, aka kuma wajabta wa kowace kusurwa ta ragar nan matsayi sananne a cikinsu. Kafin haka ta yiwu sai an feɗe surar an shimfiɗa ta, kamar yadda majemi ke yi wa fatar rago, kuma duk wanda ya taɓa ganin fata a shanye ya san ba ta kwanciya sai an tsaga ta ta ciki an ja gefunanta da turaku. Wannan tilas tana da dalili a ilmin handasa, domin masanin lissafi Gauss ya tabbatar a 1827 cewa ba a shimfiɗa bayan ƙwallo ba tare da tsagawa ko miƙewa ba. Shi ya sa a taswirar duniya ta Mercator ta 1569 tsibirin Girinlan ke kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Wanda ya so ya gani da idonsa, ya ɗauki ƙwallo a Blender, ya lulluɓa masa hoto mai murabba'ai baƙaƙe da farare. A ƙugun ƙwallon zai tarar da su daidai wa daida, amma yana hawa sama suna tsukewa suna zama tsiri-tsiri, har su haɗu a tsakar ka kamar bakin jakar da aka zuge. A 2008 Brent Burley da Dylan Lacewell na kamfanin Disney suka fito da Ptex, wanda ke ba kowace fuska ta raga nata ɗan hoton, ya ɗauke wa mai zane wahalar fiɗa.

4. Hanyoyin motsa lulluɓi

Hanya ta farko ita ce a bar hoton yadda yake a riƙa tura ma'aunansa. Idan aka ƙara 0.01 a kan V a kowane firam, hoton zai kewayo gurbinsa bayan firam 100, watau daƙiƙa huɗu da 'yan kai a fim mai firam 24 a daƙiƙa, kuma da haka ake gudanar da ruwan rafi ko bel ɗin inji. Sharaɗinta shi ne ƙarshen hoton ya dace da farkonsa, in ba haka ba mai kallo zai ga layin ɗinki yana wucewa a kowane zagaye.

Ta biyu ita ce a jera hotuna a riƙa musanya su, kamar yadda ake yi wa harshen wuta ko allon talabijin da ke cikin fim. Ita ta fi kowacce ba mai zane iko, ita kuma ta fi cin ma'ajiya, gama hoto mai ɗigo 4096 tsawo da faɗi yana ɗauke da ɗigo 16,777,216, wanda a kan bait huɗu kowanne ya kama megabait 64 in ba a matse shi ba, daƙiƙa guda kuwa megabait 1,536.

Ta uku ita ce a bar hisabi ya haifi zanen, a sa lokaci ya zama ma'auni na huɗu a cikin hargitsin Perlin, sai hayaƙi ko gajimare ya riƙa sauya kama a hankali. A nan ne aibin zamewa ke ɓuya. A ƙaddara damisa wadda aka lissafa roɗi-roɗinta daga matsayinta a sararin fage: da ta ɗaga ƙafa ta yi gaba, sai roɗi-roɗin ya tsaya inda yake, ita kuma ta ratsa ta cikinsa kamar mai wucewa ƙarƙashin inuwar bishiya. Maganinsa shi ne a ɗaura lissafin ga matsayin kusurwoyinta na asali, tun tana tsaye ba ta motsa ba.

Saura ƙyalƙyali, wanda ke faruwa idan sura ta yi nisa har ɗigo guda na allo ya rufe ɗigo da yawa na hoton, kwamfuta ta riƙa zaɓen wani dabam a kowane firam. Dalar Williams tana ajiye hoton a matakai, kowane mataki rubu'in na ƙasansa, a ɗebo daga wanda ya dace da nisan, kuma jimlar matakan da aka ƙara duka ba ta wuce sulusin ma'ajiyar hoton asali.

5. Hatima

Abin da ya tabbata daga wannan nazari shi ne, miƙewa daga fiɗa take, zamewa daga sararin da aka jingina lissafi gare shi, ƙyalƙyali kuma daga yadda ake ɗiban ɗigo, babu ko ɗaya da sake zanen hoto zai warkar. Don haka ya wajaba ga malaman wannan fanni su fara koyar da ɗauri kafin ado, ɗalibi kuma kada ya sa launi a jikin sura sai ya lulluɓa mata murabba'an nan baƙaƙe da farare, ya motsa ta, ya ga sun zauna.