Linzami da Turke: Nazarin Wata Kalmar Ingilishi a Bakin Manomin Kudancin Jigawa

Kalmar “unbridled” tsohuwa ce a Ingilishi, tun ƙarni na 14 ake amfani da ita. Asalinta dokin da aka cire wa linzami. A yau an fi jingina ta ga halin mutum, kamar haɗama, buri ko fushi, wani lokaci har da murna, idan abin ya wuce kima. Masu fassara sukan ce “marar linzami”. Wannan maƙala na ganin fassarar ta yi wa Bahaushen karkara kaɗan.

Ba a ce linzami baƙo ba ne. Kalmar daga Larabci muka are ta, ta kuma zauna daram, har muna cewa a ja wa wane linzami. Sai dai doki na sarauta ne da hawan salla. Manomin Gwaram ko Birnin Kudu da akuya ya fi cuɗanya, ita kuwa turke ta sani da igiya. Kiwo kansa ya daɗe a nan, zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda mai bincike Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950, shaida ne.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Linzami tsakanin mahayi da dokinsa yake, shi ya sa kalmar Ingilishin take duban yadda mutum ya kasa riƙe kansa. Turke kuwa don gonar maƙwabci aka kafa shi. Da shuka ta tsiro, mai unguwa zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Wadda ta tsinke ta shiga gero, kama ta ake yi, sai mai ita ya biya ɓarna. Bayan an kwashe amfani, akuyar nan dai za ta yini tana kalar harawa a gonar, ba mai ɗaga mata sanda. Ke nan sake ba laifi ba ne a karan kansa, lokaci ne ke mayar da shi laifi, da kuma wanda ya yi asara.

Shi ya sa idan dattijuwa ta ce an bar yaro sakaka, ko kara zube, ba yaron take tuhuma ba. Da iyayensa take. Idan kuma aka ce akuyar ɗaure ta samu sake, zargin har ya taɓa wanda ya tsananta ɗaurin tun farko. Kalmar Ingilishin ba ta tambayar wa ya riƙe igiyar, don haka duk mai fassara ta sai ya fara tantance wanda jimlar take ɗora wa laifi.