Jigo da igiyoyi a ƙaramin jirgin ruwa na katako

Ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin wanda ake gani a gidajen tarihi, kwaikwayo ne na babban jirgi mai tafiya da iska, kuma a jigonsa ake gane gwanintar masassaƙi. Jigo shi ne doguwar sandar da ke tsaye cikin jirgi. A jikinsa ake gitta wata sanda mai riƙe ƙyallen da iska ke turawa.

Masassaƙi yakan fara da itace mai kusurwa 4, ya fere shi ya koma 8, sannan 16, ya goge har ya mulmule. Jigo yana sirancewa zuwa sama, sandar gicciye kuwa a tsakiya kaurinta yake. Igiyoyi iri biyu ne: masu riƙe jigo kada ya faɗi, waɗanda ake baƙantawa saboda kwalta ake shafa wa na manyan jirage, da masu ɗaga ƙyalle da juya shi, waɗanda ake bari da launinsu. Zare in ya cika kauri, ko da kaɗan ne, yakan ɓata aikin duka.

Sana'ar ta daɗe. A 1920 aka gano irin waɗannan jirage a kabarin Meketre, wani babban bafade, kusa da Luksor a Masar. Shekarunsu kusan 4,000, kuma yau suna Alƙahira da New York. Jigonsu ma yana nuna inda aka dosa: iskar kogin Nilu daga arewa take kaɗowa, don haka jirgi mai zuwa kudu jigonsa a tsaye yake, mai gangarawa arewa kuwa an kwantar da nasa, matuƙa suna tuƙi da hannu.