Shamuwa da Gauraka

Tun kafin Turawa su shigo Zariya a 1902, Bahaushe ba ya harbin shamuwa. Mu a Chikaji haka muka taso muka ji, wai baƙuwa ce mai albishirin damina, ko ƙwanta ba a taɓawa.

Gauraka bai sami wannan gata ba. Kyaunsa ya ja masa: a kama shi, a sayar wa masu hali su ƙawata gida. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963. Daga baya aka keɓe wa tsuntsayen ruwa Dagona ta ƙasar Bade, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989. Amma madatsar Tiga ta 1974 ta riga ta rage ruwan waɗannan fadamu. Ni dai ban taɓa ganin gauraka a bakin Kubanni ba.